A auna dabba kafin a ɗura mata magani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, ina neman ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan abin da wasu za su ce bai kai a ɓata masa tawada ba, wato auna zafin jikin dabbobin da muke zaune da su: doki, kare da kyanwa. Ni ba likitan dabbobi ba ne, kuma ba zan sa rigar da ba tawa ba. Mai kiwo ne. Na fi shekara 20 ina ajiye dawaki, yanzu haka akwai goɗiya da ɗanta a bargata, ga tsohon kare mai gadi, ga kyanwar 'ya'yana da ke goyon 'ya'ya huɗu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami makon jiya ya faru, har yau kuma yana cina a rai.

'Yar maƙwabcina, yarinyar da ba ta wuce shekara 12 ba, ta shigo mini da yamma rungume da kyanwarta a cikin tsumma, tana kuka tana cewa in duba mata ita. Da na buɗe sai na ga fuskar kyanwar ta kumbura, tafukan ƙafafunta ma haka, tana numfashi sama-sama. Na ɗaga leɓenta, dasashin da ya kamata ya zama ja-ja mai haske ya koma ruwan ƙasa. Na tambayi abin da aka ba ta. Ashe kwana ɗaya kafin nan ta wuni kwance ba ta kula abincinta ba, uwar yarinyar ta ɗora mata hannu ta ji jiki rau, ta ce zazzaɓi ne. Ta ɓalli rabin ƙwayar farasitamol ta jiƙa ta ɗura mata, da safe ta ƙara mata sauran rabin. Muka garzaya wurin likita, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma ba ta kai wayewar gari ba.

Ban ga laifin baiwar Allah nan ba, tausayi ne ya ja ta. Abin da take yi wa 'ya'yan cikinta shi ta yi wa kyanwa. Abu biyu ne ba wanda ya taɓa gaya mata. Na farko, jikin kyanwa mai ƙoshin lafiya ya fi na mutum zafi. Namu yana wajen digiri 37, nata kuwa yana tsakanin 38.1 da 39.2. Ke nan kowace kyanwa ka ɗora wa hannu, ko wadda ta gama guje-guje da tsalle-tsallenta lafiya lau, za ka ji ta da ɗumi kamar mai zazzaɓi. Na biyu, hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da ke narkar da farasitamol yadda tamu ke yi. Sai maganin ya zame mata dafi, ya ɓata jini har ya kasa ɗaukar iskar da rai ke buƙata. Shi ne ruwan ƙasan da na gani a dasashi. Ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe babbar kyanwa. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, mai yiwuwa ne tun farko babu wani zazzaɓi a jikinta, cikinta ne kawai ya ɗan ɓaci.

Bari in zube lambobin tun da wuri, don wanda zai yanke shafin nan ya ajiye. Duka a ma'aunin Salshiyas suke, kuma awon dubura ne. Kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38.3 da 39.2, kusan ɗaya da kyanwa. In ya haura 39.4 alhali yana kwance a inuwa bai yi gudu ba, zazzaɓi ne. In ya doshi 41, maganar rai ake yi, domin daga nan kayan ciki ke fara lalacewa. Babban doki ya fi su sanyin jiki, 37.2 zuwa 38.3, abin da ya wuce 38.5 kuma a ɗauke shi zazzaɓi. Duƙushi yakan ɗara uwarsa kaɗan, har 38.9 ba abin tayar da hankali ba ne. Jaki yana ƙasa da doki, kada a auna shi da mudun doki. Wanda ma'auninsa ke lissafi da Faranhait, ya ga 100 ko 102, kada gabansa ya faɗi. Ya cire 32, ya ninka da 5, ya raba da 9. Digiri 102 a wancan lissafi shi ne 38.9 a wannan.

To, Malam Edita, dubi ƙanƙantar tazarar. Tsakanin doki mai lafiya da mai zazzaɓi wani lokaci ko digiri ɗaya babu. Wane tafin hannu ne zai rarrabe 38.2 da 39? Ga gashi ya shiga tsakani, ga rana ta gasa bayan dabbar ko iska ta busa ta, ga shi kansa hannun yana sauyawa, in ka fito daga taɓa ruwan sanyi komai zafi zai yi maka.

Da tsada na sayi wannan ilmi. Shekaru da dama baya na sayi wani akawal ɗan shekara biyar, doki ne da in ya tsaya sai ka sake waiwayarsa. Aka ɗauko mini shi a babbar mota, kwana biyu a hanya. Da aka sauke shi na yi abin da na taso na ga manya na yi: na kama kunnensa, na shafa wuyansa, na taɓa ƙirjinsa, na ce lafiyarsa ƙalau, gajiyar hanya ce. Washegari ya rage abinci, na ce baƙunta ce. Rana ta uku ya tsaya ya sunkuyar da kai ba ya son juyawa, na sake kama kunne na ji shi da sanyi, hankalina ya kwanta. Sai a rana ta huɗu, da ya soma wani ɗan tari mai rauni kamar yana tsoron yin sa, na kira likita. Bai fi minti ɗaya da isowa ba ya zaro ma'auni ya nuna mini 40.6. Huhu ya riga ya kamu, ruwa ya taru a ƙirji. Muka yi kwana tara muna fama, allura safe da yamma, a na goma na tarar da shi kwance bai tashi ba.

Likitan ne ya zaunar da ni ya yi mini bayani, ba tare da ya ɗaga mini murya ba. Doki in an ɗaure kansa sama a doguwar tafiya, ba ya samun sunkuyawa majina da ƙura su gangaro daga maƙogwaro, sai su zarce huhu da ƙwayoyin cutar da ke cikinsu. Alamar farko kuwa, tun kafin tari, tun kafin majina, ita ce hawan zafin jiki. Da na auna shi daren da ya sauka da kuma safiyar da ta biyo, da an fara magani kwana biyu ko uku kafin lokacin da aka fara. Kunnen da na dogara da shi kuma, ya ce, yana iya yin sanyi ƙarara alhali cikin jiki na ci da wuta, domin a farkon zazzaɓi jiki kan janye jini daga fata da gaɓoɓin nesa. Da na sani ƙeya ce. Tun daga ranar duk dokin da ya yi doguwar tafiya ya sauka a bargata, safe da yamma nake auna shi har kwana biyar, ko da yana haniniya yana cin abinci kamar ba abin da ya faru.

Yadda ake yi ba wuya, sai dai yana son natsuwa, kuma da doki yana son mutum biyu. Ɗaya ya riƙe ragama. Mai riƙon ya tsaya a gefen da mai awon yake, ba ɗaya gefen ba, domin in dokin ya zabura, yana jan kansa wajensa ɗuwawun zai juya ya yi nesa da ku duka. Kai mai awo kada ka faɗo wa doki ta baya kamar ɓarawo. Ka fara daga kafaɗa, hannunka a jikinsa, kana yi masa magana, ka bi gadon baya har ka iso ƙugu. Ka tsaya a gefe, jikinka manne da cinyarsa. Mutane na ganin nesa-nesa ya fi aminci, alhali wanda ya tsaya taku ɗaya a bayan doki shi ne ke shan harbi da cikakken ƙarfinsa, wanda ya manne kuwa ture shi kawai za a yi. Ka shafa wa bakin ma'aunin man basilin, ka ɗaga wutsiya ka kawar da ita gefe. In ya matse ta kada ka yi kokawa da shi, ka ɗan sosa gindinta ka jira, zai saki. Ka zura a hankali kana ɗan murzawa, kamar santimita 5, sannan ka karkata shi kaɗan ya jingina da bangon hanji. Wannan karkatawar ita ce mutane da yawa ba su sani ba. In bakin ma'aunin ya nutse cikin kashi, ko dokin bai daɗe da yin tusa ba iska ta shiga, lambar da za ka gani za ta yi ƙasa da gaskiya, ka tafi kana murna a banza. In na ga lambar da ta yi mini ƙasa da yawa, nakan jira minti biyar in sake.

Kuma kada ka saki ma'aunin. Dubura takan zuƙe abu ta ja shi ciki, ko ta turo shi ya faɗi a tattake. Lokacin da muke amfani da na gilashi mai zaiba, zare muke ɗaura masa mu maƙale a gashin wutsiya, mu kaɗa shi zaibar ta sauka, mu jira minti uku. Yanzu na batir nake amfani da shi, mai nuna lamba ya yi ƙara in ya gama, bai cika kai minti ɗaya ba. Shi nake ba kowa shawara, domin na gilashi in ya fashe a jikin dabba bala'i biyu ne, ga yanka ga guba, kuma tun yarjejeniyar Minamata ta 2013 ƙasashen duniya suka amince a daina ƙera masu zaiba. Wani lokaci in ina tsaye ina jiran ƙarar nan nakan tuna cewa kafin likitan nan na Ingila, Thomas Allbutt, ya ƙera gajeren ma'auni a shekarun 1860, na likitoci ya kai tsawon ƙafa guda, kuma sai an yi kusan minti 20 ana riƙe da shi. Mu da aka sauƙaƙa wa haka ba mu da hanzari.

Kare ya fi sauƙi in ya saba da kai. Wani ya rungume wuyansa da hannu ɗaya, ɗaya hannun a ƙarƙashin ciki don kada ya zauna a kan ma'aunin. Ƙaramin kare santimita 2 zuwa 3 ya isa, babba a ɗan ƙara. In ciwo ya sa shi faɗa, a sa masa takunkumi, domin kare mai jin zafi yakan ciji ko ubangidansa. Amma in kare ya sauya hali farat ɗaya, yana dalalar da yawu, yana kai cizo ga duk abin da ya gani, babu maganar awo. A rufe shi a nisance shi a kira likita, kada garin neman lamba a kwaso cutar haukan kare. Kyanwa kuwa sai an naɗe ta cikin tawul, ƙafafu duka a ciki, wutsiya kaɗai a waje. Duburarta na da ƙarfin matsewa, ka ɗora bakin ma'aunin ka ɗan danna ka jira, da kanta za ta saki. In ta haukace da yaƙushi da kururuwa a ƙyale ta, tsoro da kokawa su ma suna ɗaga zafin jiki, lambar da aka samu da dambe ba abin dogara ba ce.

Na san akwai masu ƙyamar abin, kuma ban raina ƙyamarsu ba. Maganinta safar hannu, da auduga da sifirit na goge ma'auni, da sabulu. Ma'aunin dabba a yi masa alama a ware shi, kada ya koma cikin kayan mutanen gida. In doki ɗaya ba shi da lafiya a barga, a ware masa nasa, ko a auna shi a ƙarshe, don kada ma'aunin ya zama shi ne mai yawo da cutar.

Wasu sun ce mini me zai hana a yi amfani da bindigar awon nan da aka riƙa saita mana a goshi lokacin korona a 2020. Na gwada ta a kan goɗiyata. A wuya ta ba ni lamba ɗaya, a goshi wata, a gefen da rana ta taɓa wata dabam. Zafin saman gashi take karantawa, an kuwa yi ta ne don fatar goshin mutum. Ma'aunin kunne ma ba ya cika faɗin gaskiya a kare, saboda ramin kunnensa a lanƙwashe yake. Sai kuma zancen nan da ya zaga duniya, wai kare in hancinsa na da laima da sanyi lafiyarsa lau, in ya bushe ba shi da lafiya. Karena in ya tashi daga barci hancinsa a bushe yake kullum, domin bai lashe shi ba. Ranar da kaska ta sa masa zazzaɓin da ya kai 40.1 kuwa, hancin nan a jiƙe yake sharkaf.

Yanzu ga abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Ranar da dabba ta kwanta ba ita ce ranar fara awo ba. A auna ta tana lafiya, safe da yamma, kwana uku ko huɗu a jere, a rubuta. Lambobin da na kawo a sama na jinsi ne gaba ɗaya, kowace dabba kuma da inda nata yake zama a cikinsu. Ina da ɗan littafi rataye a ƙusa a bakin barga. Goɗiyata da safe 37.6 take, da yamma 38.0, domin jiki kan ɗan hau da yamma ya sauka da asuba. Wata safiya bara na auna ta na ga 38.4. Wani zai ce ai bai kai zazzaɓi ba. Amma ni na san wannan kusan digiri guda ne a kan abin da ta saba da shi a wannan sa'a. Ta cinye abincinta, idonta garau. Na sake aunawa da azahar na ga 39.3, na kira likita, ya ɗebi jini ya duba, ya ga ƙwayar cutar nan da kaska ke sa wa jini. Aka yi mata allura tun ba ta rame ba, tun fitsarinta bai sauya launi ba, cikin 'yan kwanaki ta miƙe. Littafin nan ne ya nuna mini, ba wayona ba. Awon lokacin lafiya yana da wani amfanin kuma: dabbar ta saba da abin tun tana cikin natsuwa, ranar ciwo ba sai an yi kokawa ba.

Sannan a auna kafin a ba da kowane irin magani. Masu dawaki da yawa suna ajiye maganin kashe ciwo da saukar da zazzaɓi, da sun ga doki ya yi laushi sai su ba shi, sannan su kira likita. Likita ya zo ya auna ya ga 38, alhali maganin ne ya danne zafin na wasu sa'o'i, cutar na nan tana aikinta. An ɓatar masa da sawu ke nan. Zazzaɓi hayaƙi ne, wutar na wani wuri. Ƙwaƙwalwa ce da kanta ke ɗaga zafin jiki don ta taya shi yaƙi da ƙwayar cuta. Aikin mai dabba shi ne ya rubuta lambar da sa'ar da ya auna, ya faɗa wa likita a waya. Ka ce masa doki ba ya jin daɗi, zai ce yana tafe in ya gama abin da yake yi. Ka ce masa da safe 38.9, yanzu 39.8, kuma jiya ya sauka daga mota, za ka ji muryarsa ta sauya. Magungunan mutane kuma a bar wa mutane. Ban da farasitamol da ke kashe kyanwa, ibufurofen yana huda cikin kare ya lalata masa ƙoda.

Akwai zafin da ba zazzaɓi ba ne, kuma shi ba ya jiran likita. Shi ne wanda rana ko wahala ta tara wa jiki har ya kasa fitarwa. Kare ba ya gumi kamar mu, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake sanyaya kansa, shi ya sa barinsa a rufaffiyar mota ko ɗaure a rana ke kashe shi da sauri, musamman masu gajeren hanci. In ka same shi yana haki kamar ransa zai fita, ma'auni ya nuna 41 ko fiye, ka fara sanyaya shi nan take: inuwa, ruwan sanyi a jiki, iska, sannan a kama hanyar asibiti. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, yana tsare zafin ne. A riƙa aunawa, in ya sauko wajen 39.5 a dakata, kada a zarce da shi. Doki bayan sukuwa yakan kai 39 ko 40, wannan ba komai, muddin yana sauka in ya huta. In ya ƙi sauka a yi ta kwara masa ruwan sanyi a jiki duka. An daɗe ana cewa ruwan sanyi a jikin doki mai gumi yana sandarar da shi. Binciken da aka yi gabanin wasannin Olamfik na Atalanta a 1996, saboda tsoron zafin garin, ya nuna ba haka ba ne, kuma tun daga nan da ruwa mai ƙanƙara ake sanyaya dawakin gasa.

Sanyin jiki ma abin tsoro ne, har wani lokaci ya fi zafi. Babban kare ko kyanwa da ya sauka ƙasa da 37.2 yana kwance ba ƙarfi, jikinsa ne ke sallamawa. Ana ganin haka a kwikwiyon da gudawa mai jini da amai suka tsotse. Wuri ɗaya na sani da saukar zafi ke zama albishir: karya mai ciki. Cikinta kwana 63 ne ko kusa da haka, in aka riƙa auna ta a makon ƙarshe, za a ga zafinta ya faɗi da kamar digiri ɗaya, to a cikin kwana guda za ta haihu. Kada kuma a ɗauka lamba mai kyau ta wanke dabba daga kowane ciwo. Doki mai murɗar ciki yana iya birgima yana duban cikinsa yana gumi, ma'auni na nuna 37.8. Shi ya sa nake haɗawa da bugun jini a ƙarƙashin muƙamuƙi, wanda a babban doki mai hutawa yake tsakanin 28 da 44 a minti, in kuma danna dasashi in ga ko jan ya dawo kafin daƙiƙa biyu.

Inda dawaki ke haɗuwa da yawa kuwa, awon nan ya wuce maganar dokinka kai kaɗai. Akwai cutar nan mai kumbura kaluluwar ƙarƙashin muƙamuƙi ta tara mugunya, mai bin barga kamar wutar daji. Dokin da ya kamu yakan yi zazzaɓi kwana ɗaya ko biyu kafin ya fara zubar da ƙwayar cutar ta hanci. Wanda ke awo kullum zai ware shi a wannan ɗan tsakanin ya tsirar da sauran, wanda ke jiran ya ga majina ya makara. A watan Fabrairun 2021 wata cutar bairas mai taɓa laka ta ɓarke a wurin gasar tsallen dawaki a Balensiya ta ƙasar Sifaniya, dawaki 18 suka mutu, aka dakatar da gasanni a ƙasashen Turai da dama na tsawon makonni. Abin da hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta wajabta bayan nan shi ne a auna kowane dokin gasa sau biyu a rana, tun kafin ya iso wurin, a shigar da lambar a manhajar waya. Mutanen da ke da manyan likitoci da na'urori iri-iri, da abin ya tsananta, ga ɗan ma'aunin nan suka koma. In ka ji dokin maƙwabci na tari, gemun ɗan'uwanka ne ya kama wuta, ka fara auna naka daga yammacin ranar.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka sa a buga lambobin nan cikin ɗan akwati a shafin noma da kiwo, a riƙa maimaitawa lokaci-lokaci, tare da gargaɗin farasitamol da manyan baƙaƙe. Likitocin dabbobi kuma ina roƙonsu, in sun auna su daina mayar da ma'auni aljihu shiru. Su nuna wa mai dabbar lambar, su gaya masa inda ya kamata ta tsaya, in da hali su kama hannunsa ya gwada sau ɗaya a gabansu. Ni haka aka yi mini, a kan gawar akawal ɗina, kuma na so a ce tun kafin nan ne.

Yarinyar nan na yi mata alkawarin ɗaya daga cikin 'ya'yan kyanwarmu in an yaye su, ta riga ta zaɓi mai farin wuya. Na ce mata sharaɗina ɗaya, sai ta iya awo. Kwana uku ke nan tana zuwa bayan makaranta, ni ina riƙe da uwar cikin tawul, ita tana aunawa. Jiya hannunta bai yi rawa ba. Ta samu 38.6, ta rubuta da kanta a shafin ƙarshe na littafin barga, ta sa kwanan wata da sa'a.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Mai karatu, mai kiwon dawaki